Garambawul Ga Injin Ban-Ruwa: Kayan da Za a Mayar da Waɗanda Za a Sauya

Gabatarwa

Tun daga farkon shekarun 1990, lokacin da aka fara Shirin Fadama na ƙasa da tallafin Bankin Duniya, ƙaramin injin ban-ruwa mai aiki da fetur ya zama abokin aikin manomin rani, daga fadamun kogin Neja da na Binuwai har zuwa ƙananan rafuffukan da ake noman tumatir da albasa da barkono. Inji kuwa kamar kowane kayan aiki yake, yana gajiya. Za ka ga ya fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, yana shan baƙin mai, yana wuyar tashi da safe, ruwan da yake turawa kuma ya ragu. A nan ne ake kai shi wurin bakanike a yi masa garambawul.

Da zarar an kwance inji an baza kayan cikinsa a kan buhu, sai a fara ja-in-ja. Bakanike ya ce a sauya wannan da wancan, mai inji kuma ya ce ai da sauransu. Tun bayan janye tallafin fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, kayan gyara da ake shigowa da su sun yi tsada, don haka ba laifi ba ne manomi ya so a mayar masa da abin da zai iya ci gaba da aiki. Abin da ke da haɗari shi ne a yanke hukunci da ido kawai. Wannan bayani zai nuna maka, kai manomi, da kai malamin gona da ake neman shawararka, yadda ake bambance tsohon ƙarfen da ya cancanci komawa cikin inji da wanda mayar da shi asara ce.

An ɗauki injin Honda GX160 a matsayin misali, saboda shi da ire-irensa ƙirar Sin masu lamba 168F su ne suka fi yawa a kan famfunan inci 2 da inci 3. Alkaluman da za a kawo na tsohuwar ƙirar GX160 ne. Sababbin ƙira sun ɗan bambanta a wasu wurare, saboda haka littafin da ya dace da lambar injinka shi ne alƙali.

Me ya sa ido ba ya isa?

Injin nan yana juyawa har sau 3,600 a minti ɗaya idan an buɗe masa wuta, wato sau 216,000 ke nan a awa guda. A kowane juyi fistin zai hau ya sauka, kwanrod zai ja karanshaf. Abin da ya raba waɗannan ƙarafa da juna shi ne ɗan siririn shafen baƙin mai da ke zaune a cikin ratar da ke tsakaninsu. Idan ratar ta yi daidai, man yana riƙe nauyin. Idan ta buɗe fiye da kima, man ba ya iya zama, sai ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe.

Dubi yadda ratar take ƙanƙanta. Kaurin wuyan karanshaf, inda kwanrod yake kamawa, milimita 29.98 ne yana sabo, kuma masu ƙera injin sun ce a daina amfani da shi idan ya koma 29.92. Bambancin milimita 0.06 ne, bai kai kaurin takardar rubutu ɗaya ba, wadda take kusan milimita 0.1. Babu idon da zai ga wannan, kuma babu yatsan da zai auna shi. Karanshaf na iya yin sumul yana ƙyalli alhali ya riga ya wuce iyaka, wani kuma ya yi baƙi da dattin mai amma awonsa lafiya lau. Abin da ido da farce suke iya ganowa shi ne karce, tsagewa, da canjin launi na ƙonewa. Sauran kuma aikin ma'auni ne.

Ma'aunai biyu ake buƙata. Na farko shi ne ma'aunin rata, wato jerin siraran ƙarafa masu kama da reza, kowanne da lambar kaurinsa a jiki. Ba shi da tsada, kuma ya kamata kowane bakanike ya mallake shi. Na biyu shi ne maikiromita, wadda ake auna kaurin fistin da karanshaf da ita. Ita ba kowa ke da ita ba, amma masu injin yankan ƙarfe da ke gyaran bulok da karanshaf a manyan garuruwa suna da ita. Ƙungiyar manoman fadama da ke da injuna goma ko ashirin za ta iya sayen duka biyun ta ajiye a hannun wanda ta amince da shi.

Kafin a auna komai, a wanke kayan da kananzir a shanya su, domin datti yana cike rata ya ɓoye lalacewa. A kuma sa alama a kan kowane abu tun lokacin kwancewa: wace fuska ce ta fistin take kallon ina, wane sandan tura bawul ne na shigar mai, wanne ne na fitar hayaƙi. Ƙarafan da suka daɗe suna goga juna sun riga sun saba da juna. Idan za a mayar da su, to kowanne ya koma gurbinsa.

Kayan da ba a jayayya a kansu

Akwai kayan da aikinsu sau ɗaya ne. Gasket na kan silinda da na murfin akwatin inji suna toshe iska da mai ne ta hanyar matsewa, kuma da zarar an matse su sau ɗaya ba sa komawa yadda suke. Sil na roba da ke gefe biyu na karanshaf yana ƙandarewa da zafi, leɓensa kuma yana cinyewa. Haka nan 'yan ƙananan kilif guda biyu da ke tare fil ɗin fistin. Cire su yana rage musu ƙarfi, kuma idan ɗaya ya kuɓuce inji na aiki, fil ɗin zai zamo ya tona rami a bangon silinda, a rasa bulok gaba ɗaya saboda abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Duk waɗannan a sayi sababbi ba tare da awo ba. A haɗa da filogi da soson matatar iska.

Ringi ma yana cikin wannan sahu. Gaskiya ne ana iya auna tsohon ringi a same shi bai wuce iyaka ba, to amma wanda ya biya kuɗin kwance inji har ya fito da fistin, bai kamata ya mayar da tsohon ringi ba. Abin lura a nan shi ne kaurinsa: akwai fistin mai gurbin ringi mai kauri, akwai na sababbin ƙira mai siririn gurbi. A tafi kasuwa da tsohon fistin a hannu a gwada.

Silinda da fistin

A nan ne mafi yawan kuɗin gyara yake, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Faɗin silindar GX160 milimita 68 ne, iyakarta kuma 68.165. Silinda ba ta cinyewa bai ɗaya. Ta fi cinyewa a sama, inda ringi na farko yake tsayawa ya juyo, domin a nan zafi da matsi suka fi yawa, mai kuma ya fi ƙaranci. Can ƙasa kuwa, inda ringi ba ya kaiwa, faɗinta yana nan kusan yadda aka ƙera ta.

Wannan ya ba ka hanyar auna silinda ko da ba ka da ma'auninta na musamman. Ɗauki sabon ringi ka sa shi cikin silinda, ka tura shi da kan fistin don ya zauna daidai ba a karkace ba. Ka fara kai shi can ƙasa ka auna ratar da ke tsakanin bakinsa biyu da ma'aunin rata. Ya kamata ka samu tsakanin milimita 0.2 da 0.4. Sannan ka dawo da shi sama, ɗan ƙasa kaɗan da leɓen da tsohon ringi ya bari, ka sake aunawa. Ka cire awon farko daga na biyu, ka raba abin da ya saura gida uku. Abin da ka samu shi ne kimanin yawan cinyewar silindar, saboda duk lokacin da faɗin da'ira ya ƙaru, kewayenta yana ƙaruwa da ninki uku da ɗan ɗoriya. Misali, idan ka sami 0.3 a ƙasa, 0.6 a sama, bambancin 0.3 ne, cinyewar kuma kimanin 0.1. Wannan silinda ba ta kai iyaka ba, amma ta ci fiye da rabin rayuwarta. Idan bambancin ya kai 0.5, to ta ƙare, sabon ringi ba zai yi mata magani ba.

Sai kuma ka bi bangon da farcenka. Karcen da ake gani amma farce ba ya kamawa, goga za ta share shi. Wanda farce ke maƙalewa a ciki kuwa hanya ce da iska da mai za su riƙa bi, kuma sai an ƙara faɗin silindar. Injin Honda na asali yana da hannun riga na baƙin ƙarfe a cikin bulok, ana iya yanka shi a sa fistin da ringi masu ƙarin girman milimita 0.25 ko 0.50. Shawara a nan ita ce a fara samun fistin ɗin a hannu kafin a yanka, domin mai yanka ya bi awon fistin. Wanda ya yanka bulok sannan ya shiga neman fistin a kasuwa, yana iya komawa gida da bulok da ba shi da abokin zama.

Kada a raina leɓen nan na sama. Tsohon ringi ya cinye tare da shi, gefensa ya dakushe. Sabon ringi kuwa gefensa da kaifi, idan ya hau ya doki leɓen yana iya karyewa ko ya fasa gurbinsa a jikin fistin. Idan farce yana kama leɓen sosai, a share shi kafin a ɗaura. Haka kuma silindar da ta yi santsi kamar madubi ba ta riƙe mai, sabon ringi ba zai zauna a cikinta ba. A goge ta da dutsen gogar silinda har sai an ga siraran layuka masu gittawa da juna, sannan a wanke da ruwan zafi da sabulu, a yi ta shafawa da farin ƙyalle har sai ya fito ba baƙi. Kananzir kaɗai ba ya fitar da garin dutsen, kuma wanda ya saura zai ci sabon ringi cikin 'yan kwanaki. Bayan wanki a busar, a shafa mai nan take don kada tsatsa ta kama.

Shi kuwa fistin, sau da yawa yana iya komawa, kuma a wurare uku ake duba shi. Kaurin gindinsa kada ya gaza milimita 67.845, ratar da ke tsakaninsa da silinda kuma kada ta wuce 0.12. Na biyu, gurbin ringi: a kankare gawayin da ke ciki da guntun tsohon ringi, a sa sabo, a cusa ma'aunin rata a gefensa. Idan 0.15 ya shige, gurbin ya buɗe, ringi zai riƙa kaɗawa yana tura mai sama kamar famfo, hayaƙi kuma ba zai daina ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa za ka ji manomi yana cewa an sa masa sabon ringi amma inji bai daina shan mai ba. Na uku, ramin fil: idan fil yana girgiza a ciki, a sauya fistin da fil tare. Fistin da ya tsage, ko wanda gefensa ya narke ya yi kaca-kaca saboda ya taɓa kamewa, ba a ma tsaya auna shi.

Kwanrod da karanshaf

Idan ringi ya gaji, inji yana ba da sanarwa, kuma yana iya jan ƙafa har ƙarshen rani. Kwanrod ba haka yake ba. Ranar da ya karye yakan fasa bulok ya leƙo waje, a rasa inji baki ɗaya. Saboda haka a wannan ɓangare ba a sassauci.

Ya kamata a san yadda aka ƙera shi. A irin wannan inji babu metal tsakanin kwanrod da karanshaf kamar yadda ake samu a injin mota. Kwanrod ɗin na alminiyam ne, kuma jikinsa ne kai tsaye yake juyawa a kan wuyan karanshaf. Babu kuma famfon mai. Wani ɗan cokali ne a gindin kwanrod yake tsoma kai cikin man yana fantsama shi ko'ina. Idan man ya yi ƙasa, ko an girke inji a karkace a kan gangaren rafi, cokalin ba ya samun abin ɗiba, kuma wurin da zai fara jin jiki shi ne wannan wuya.

Faɗin bakin kwanrod, idan an ɗaure murfinsa, milimita 30.02 ne, iyakarsa 30.066. Ratar mai tsakaninsa da karanshaf kada ta wuce 0.12. A auna wuyan karanshaf ta fuska biyu, tsaye da kwance, domin yakan cinye ya koma siffar ƙwai. Idan cikin kwanrod ya yi zane-zane, ko ya yi duhu alamar ƙuna, ko cokalin ya tsage, a jefar da shi. Idan aka ga farin ƙarfe ya manne a wuyan karanshaf, alminiyam ɗin kwanrod ne ya narke a kai. Wani lokaci idan aka cire shi a hankali sai a tarar da wuyan lafiya a ƙarƙashi, amma awo ne zai tabbatar. Wuyan da ya yi shuɗi ya sha zafin da ya wuce kima, a sa masa alamar tambaya ko da awonsa ya yi daidai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaura sabon kwanrod a kan karanshaf mai karce. Alminiyam ya fi ƙarfe taushi, don haka karanshaf zai zame masa kamar zarto, cikin 'yan awoyi a dawo gidan jiya. Ko dai a yanka wuyan a sa kwanrod mai ƙaramin baki da aka yi domin haka, ko a sauya su biyun. Akwai kuma dabarar goge fuskar murfin kwanrod a kan dutse don ya ƙara matsewa. Ƙarar takan ɗauke na ɗan lokaci, amma ramin ya daina zama da'ira, ya matse ta wata fuska ya saki ta wata. Wannan gyaran gangar auzinawa ne, kada ka yarda a yi maka shi.

Boris guda biyu da ke riƙe da karanshaf, masu lamba 6205 a wannan inji, a wanke su a ɗiga musu mai kaɗan a juya da yatsa a hankali. Mai lafiya yana juyawa sumul ba ƙara. Wanda ake jin kamar da yashi a ciki, ko yake girgiza, ya tafi. Idan kuwa inji ya taɓa nika ƙarfe a cikinsa, ko ruwa ya shiga man har ya koma kamar madara, a sauya duka biyun ko yaya suka ji a hannu.

Bawul da sauran kayan

A wannan ɓangare an fi samun abin mayarwa. Kife kan silinda, ka bar bawul a rufe da sifirin ɗinsu, ka zuba kananzir a ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi ɗaya bayan ɗaya. Idan bai tsatso ta bakin bawul ba, mazauninsa lafiya. Idan yana tsatsowa kaɗan, a niƙa bawul a kan mazauninsa da man niƙa har sai an ga zobe mai launin toka ya kewaye shi ba yankewa, sannan a wanke sosai. Bawul da gefensa ya yi kaifi kamar wuƙa, ko ya ƙone ya yi gibi, ko ya lanƙwashe, sai sabo. Kaurin sandar bawul na shigar mai 5.48 ne, iyaka 5.318, na hayaƙi 5.44, iyaka 5.275. Sifirin kuma a tsayar da shi kusa da sabo a kan gilashi, idan ya gajarce a fili ko ya karkace a sauya.

Kamshaf ba kasafai yake lalacewa ba, sai dai a duba ƙusoshinsa ko sun zaizaye, a kuma tabbatar ɗan maƙunnin da ke jikinsa, wanda ke rage matsi lokacin jan igiya, yana motsi yana komawa da kansa. Giyar gwamna ta roba ce, kuma tana cikin akwatin inji inda ba a kai wa gare ta sai an kwance. Idan haƙoranta sun cinye ko ta tsage, yanzu ne lokacin sauya ta, domin gwamna ne ke hana inji gudun da zai karya kwanrod. Kafireta, kwayil, tanki da salansa yawanci wanki kawai suke buƙata.

Tsoho na asali ko sabo na araha?

Ba kowane sabon kaya ne ya fi tsoho ba. Kasuwannin kayan gyara suna da kaya hawa-hawa, daga na asali zuwa kwaikwayo mai kyau zuwa wanda kwalinsa kaɗai ne mai kyau. Karanshaf ko kamshaf na asali da awo ya nuna bai ci rabin iyakarsa ba ya fi sabon da ba a san irin ƙarfensa ba. A irin wannan wuri, da tsohuwar zuma ake magani. Saboda haka ma'aunin da aka auna tsoho da shi, a auna sabo da shi kafin a ɗaura. Sabon ringi da ratarsa ta kai 0.7 tun daga kwali a silinda mai lafiya, a mayar wa mai shago. Kayan gwanjo da aka ciro daga wani inji ma hukuncinsu ɗaya: tsofaffi ne, sai dai ba ka san tarihinsu ba.

Akwai kuma tambayar da alkaluman littafi ba sa amsawa. Iyakar da aka rubuta ita ce inda ƙarfe ya ƙare, ba inda yake da lafiya ba. Abin da ya rage masa kaɗan ya kai iyaka ya ci jarrabawa a yau, amma rani ɗaya na iya ƙarasa shi. Ka yi lissafin aikin da ke gabansa. Idan injin shi kaɗai gare ka, kuma shi zai shayar da albasa ko tumatir daga Nuwamba har Maris, to tsayawarsa na mako guda lokacin da amfani ke fure ko ƙwai ya fi kuɗin kwanrod nesa ba kusa ba, ga kuɗin hayar wani inji, ga kuɗin sake kwancewa da sabon gasket. A irin wannan hali, duk abin da ke can cikin akwatin inji da ya ci kashi biyu cikin uku na iyakarsa, a sauya shi. Abin da ke waje, wanda ake iya cirewa a bakin gona da sifana ɗaya, ana iya yi masa haƙuri. Wanda yake da inji na biyu a ajiye yana da damar ɗan sassautawa.

Idan kuma awo ya nuna bulok, karanshaf da kwanrod duk sun tafi, a tsaya a yi lissafi kafin a sayi komai. Ga injin kwaikwayo, idan kuɗin kaya da na aiki ya haura rabin farashin sabo, sayen sabo ya fi, a ajiye tsohon don cirar kaya. Ga injin asali, gyaran yakan biya kuɗinsa ko da ya ɗan haura haka. Wannan ma wani dalili ne na yin garambawul da damina ko da kaka, lokacin da inji ke hutu kuma akwai sararin zuwa gari neman kaya mai kyau.

Injin babur da na babur mai ƙafa huɗu

Wannan ƙa'ida ita ce dai a injin babur, da keken ɗaukar kaya, da babur mai ƙafa huɗu da ake zagaya manyan gonaki da shi, sai dai alkaluman kowanne daban. Yawancinsu suna da famfon mai, wanda dole a buɗe a auna, domin famfon da ya gaji zai kashe duk sababbin kayan da aka sa. Masu kamshaf a sama suna da sarƙar taimin. Idan ta miƙe a sauya ta tare da robobin da ke riƙe ta. Faifan kuloci ana auna kaurinsu. Wasu injunan babur mai ƙafa huɗu kuma silindarsu ba ta da hannun riga na ƙarfe, wani siririn shafe mai tauri aka yi wa bangon alminiyam, kuma irin wannan ba a yanka ta yadda aka saba. A tabbatar da irin silindar kafin a kai ta wurin mai yanka.

Gano abin da ya ci injin

Tsofaffin kayan da aka cire suna faɗin abin da ya kashe su, kada a zubar kafin a duba. Idan saman silinda, ringi da sandar bawul na shigar mai ne suka cinye, ƙura ce ta shiga, ko ta yagaggen soso ko ta murfin matata da ba ya rufuwa. Ƙurar hunturu tana ɗauke da yashi mai taurin da ke cin ƙarfe, kuma lokacinta ne lokacin ban-ruwa. Idan wuyan karanshaf da boris ne, matsalar mai ce: ya yi datti, ya yi kaɗan, ko an girke inji a karkace. Mutane da yawa suna cire wayar na'urar da ke kashe inji idan mai ya yi ƙasa, wai tana damunsu. A mayar da ita. Fistin da ya kame yana nuna zafi, a duba ko laka da ciyawa sun toshe haƙarƙarin silinda da iska ke bi. Mai mai launin madara kuma yana nuna ruwa, a binciki sil ɗin famfo da inda ake ajiye injin.

Wajen ɗaurawa, alamar da ke jikin ringi ta kalli sama, a rarraba bakunansu kada su hau layi ɗaya, a shafa mai a duk inda ƙarfe ke goga ƙarfe, a kuma haɗa ɗigon da ke giyar karanshaf da na giyar kamshaf. Notin kwanrod da na kan silinda suna da ƙarfin ɗauri da aka ƙayyade, 12 da 24 a ma'aunin Nm, kuma sifana mai awo ce ke tabbatar da shi. Ratar bawul a tsohuwar ƙira milimita 0.15 ce ga na shigar mai, 0.20 ga na hayaƙi, ana saitawa inji na sanyi.

Injin yana ɗaukar baƙin mai kimanin lita 0.6. Bayan garambawul a bar shi ya ɗan yi aiki a matsakaicin gudu kafin a ɗora masa cikakken nauyi, a juye man farko bayan awa 20, daga nan kuma duk bayan awa 100. Wanda yake ban-ruwa awa 6 a kullum zai cika awa 100 cikin kwana 17, ba wata shida ba. Soson matatar iska a wanke shi duk bayan awa 50, idan ƙura ta yi yawa kuma kowane mako. Malamin gona ya taimaka wa manomi ya rubuta awon da aka samu a wannan garambawul, da kayan da aka mayar da waɗanda aka sauya, da kwanan wata, a ajiye takardar tare da littafin inji domin a kwatanta da ita a buɗewa ta gaba.